Jagorar ƙirga tsuntsayen fadama masu ɓuya a filayen Fireri

Ƙarfe 4:15 na asuba kana tsaye a bakin wani ɗan tabki a kudancin Saskacewan, ruwa ya kai maka ƙwauri, sanyi yana ratsa robar takalminka. Gabanka kachala ce ta yi duhu, ta ɗara ka tsayi. Ba abin da kake gani. Can daga cikinta sai ka ji "ung-ka-cunk, ung-ka-cunk", kamar an dulmiya tulu a rijiya yana haɗiyar ruwa. Bitan ke nan, ɗan'uwan zalɓe, kuma kana iya gama kakar aikin ɗungurungum ba ka sa shi a ido ba. A gida mukan ce gani ya kori ji. A wannan aiki kunne ne shugaba, ido mataimaki ne kawai, kuma wanda bai yarda da haka ba tun ranar farko zai sha wuya.

Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibi ko ma'aikacin wucin gadi da zai shiga aikin karo na farko, da kuma duk mai son ya san yadda ake samo adadin tsuntsun da ba ya fitowa fili.

Ƙasar da za ka shiga

Fireri sunan shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa ne na tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa. Ɓangaren da ya shafe mu ya taso daga Albata, Saskacewan da Manitoba a Kanada, ya gangaro Montana, Dakota ta Arewa da ta Kudu, Minesota, har Ayowa. Tulin ƙanƙarar da ya taɓa danne yankin, da ya narke ya ja baya shekaru sama da 10,000 da suka wuce, ya bar ƙasar da miliyoyin ramuka marasa zurfi. Dusar ƙanƙara ta narke wajen Afrilu, ruwan sama ya ƙara, ramukan su cika. Wani bai fi tsakar gida ba, wani kuwa sai ka yi awa guda kana zagaya shi. Manoman wurin "sulu" suke ce wa irin wannan tabki. Ka riƙe kalmar, da ita za ka tambayi hanya.

A shekarar da ruwa ya wadata, wajen rabin agwagin daji na nahiyar a nan ake ƙyanƙyashe su. Agwagwa kuwa ba ta da wuyar ƙirga, tana zaune ne a sarari bisa ruwa, kuma tun 1955 Amurka da Kanada suke ƙirga ta daga jirgin sama kusan kowane watan Mayu. Akwai kuma babbar ƙidayar tsuntsaye ta bakin hanya da aka soma a 1966, inda mai ƙirga yake tsayawa wurare 50, minti 3 a kowane wuri. Duk biyun ba su cika kama tsuntsayenmu ba. Su a cikin duhun ciyawa suke rayuwa, ba kasafai suke tashi ba, kuma suna iya yin awanni ba su ce uffan ba. Ga shi an janye ruwan tabkuna da yawa an mai da su gonaki: Ayowa ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na fadamunta, Dakota ta Arewa kusan rabi. Wasu daga cikin tsuntsayen ma doka ta yarda a farauce su a jihohi da dama. Hukumar da ba ta san ko suna ƙaruwa ko suna raguwa ba, da wace hujja za ta ƙayyade wa mafarauci adadi, ko ta ce ga fadamar da za a fara ceto?

Saboda haka aka ɓullo da hanya ta musamman: a saurara, sannan a kunna wa tsuntsun kukan ɗan'uwansa ta lasifika domin ya amsa. Tsarin da yawancin shirye-shirye suke bi shi ne wanda masanin tsuntsaye Courtney Conway ya wallafa a 2011. Ƙungiyar Birds Canada ma tana da nata shirin, wanda ta soma a yankin Manyan Tabkuna na kan iyakar Kanada da Amurka a 1995, daga baya ta kai shi Fireri. Akwai 'yan bambance-bambance tsakaninsu. Abin da zan bayyana ya bi tsarin Conway, amma duk inda takardar shirinka ta saɓa da maganata, takardar ce gaba.

Tun da hunturu: neman gurbi da horar da kunne

Ana tallata guraben aikin ne tun wajen Disamba zuwa Fabrairu. Masu ɗauka su ne hukumomin kula da namun daji na ƙasashen biyu, jami'o'i, da ƙungiyoyi irin su Ducks Unlimited da Birds Canada. Kusan kullum ana buƙatar lasin tuƙi, da lafiyar ji, da izinin aiki a ƙasar.

Da zarar ka samu gurbi, ka soma sauraron kukan tsuntsayen kowace rana, ko da minti 20 ne. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana da su kyauta. Kada ka tsaya kan kuka ɗaya ga kowane tsuntsu, domin kowanne yana da biyu ko uku.

Sora ita ce za ka fi ji. 'Yar ƙaramar kazar ruwa ce mai gajeren baki rawaya da baƙar fuska. Babban kukanta yana farawa sama ya gangaro da sauri kamar haniniyar ɗan doki. Tana kuma da wani mai gaɓa biyu, "ka-wii", da wani ɗan tsawa guda, "kik", idan ta firgita. Rel na Bajiniya, ɗan'uwan sora wanda bakinsa dogo ne ja-ja, gurnani yake jerawa yana sassautowa, wani lokaci kuma "kidik-kidik" kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Girib mai zobe a baki, ɗan nutso ne, kukansa "ku-ku-ku-kau-kau-kaup" yana cika fadama. Kut baƙar kazar ruwa ce mai farin baki, ita kam tana fitowa sarari, amma surutanta iri-iri ne, kuma su ne suka fi rikita sabon shiga. Ƙaramin bitan "ku-ku-ku" yake yi a hankali, an fi samunsa ta gabashin yankin, a Kanada kuma yana cikin jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Sai rel rawaya, wanda zan yi maganarsa daban.

Ka haddace lambobinsu masu harafi huɗu, domin da su ake rubutu a takarda: SORA na sora, VIRA na rel na Bajiniya, PBGR na girib, AMCO na kut, AMBI na babban bitan, LEBI na ƙarami, YERA na rawaya. Ka kuma koyi muryoyin maƙwabtansu da ba su ake nema ba. Akwai baƙin tsuntsu mai rawayen kai da kukansa yake kamar an buɗe tsohon kyaure mai tsatsa, akwai wani da ke shawagi a sama yana fitar da "hu-hu-hu-hu" da gashin jelarsa, ga kuma ƙananan kwaɗi masu ƙara kamar ana jan farce a haƙoran matsefi. Sanin abin da za ka yi watsi da shi rabin aikin ne.

Kaya

Wandon roba mai haɗe da takalmi, wanda ke kaiwa ƙirji, da ɗamarar da ake ɗaure shi a ƙugu. Lasifika da na'urar da ke ɗauke da kukan da shirin ya ba ka, ba wanda ka samo da kanka ba. Na'urar GPS, kamfas, madubin hangen nesa, na'urar auna nisa, ma'aunin iska da na zafi, sanda mai alamun santimita ta auna zurfin ruwa, fitilar goshi, takarda marar jin ruwa da fensir, domin biro yana daina rubutu a raɓa. Batura fiye da yadda kake zato. Rigunan sanyi da za ka riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya, saboda asubar Mayu tana iya kusantar daskarewa, hantsi kuma ya yi zafi.

Lasifikar sai an saita ta. Ƙa'ida ita ce ƙararta ta kasance desibel 80 zuwa 90 a ma'aunin ƙarfin sauti idan an auna daga nisan mita 1. Ka auna a farkon kakar aikin, ka yi wa maɓallin alama, ka sake aunawa kowane mako. Baturi idan ya yi sanyi ƙara tana raguwa ba tare da ka lura ba, tsuntsayen nesa su daina amsawa, kai kuma ka rubuta cewa babu su.

Izini, sannan kafa tashoshi

Yawancin tabkunan a cikin gonakin mutane suke. Wasu suna filayen gwamnati, kamar waɗanda Amurka ta saya da kuɗin kan sarkin da mafarautan agwagwa suke saya, wanda aka ƙirƙiro a 1934, amma ko su ma sai da takardar izini. Game da gonaki, kada ka dogara da cewa an kira mai gonar a waya tun Maris. Ka je da kanka kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka gaishe shi, ka nuna masa motarka, ka gaya masa za ka shigo kafin gari ya waye kuma zai iya jin ƙarar lasifika. Ka tambaye shi inda shanunsa suke, musamman bijimi. Ƙofar shinge kuwa, yadda ka same ta haka za ka bar ta: a rufe, ka rufe, a buɗe, ka bar ta a buɗe, akwai dalilin da ya sa. Kada ka bi ta kan shuka da mota. A yankunan da ake noman kanola, wani tsiro da ake matse mai daga ƙwayarsa, akwai wata cutar saiwa da ke bin ƙasar da ta maƙale a takalmi da taya, kuma manoma suna tsoronta ƙwarai. Ka kankare taɓo, ka wanke takalmi kafin ka shiga gonar gaba, ka bari su ga kana yin haka. Ɗan wannan ladabin shi ke sa a bar wanda zai zo baɗi ya shiga.

Tashoshin, wato wuraren tsayawa, galibi an riga an zaɓe su ta kwamfuta, ta hanyar ƙuri'a, domin kada a bi son zuciya. Wannan yana da ciwo. Za ka ga wata fadama mai kyau tana ta amon tsuntsaye mita 300 daga inda aka ajiye ka, tashar taka kuwa wani busasshen rami ne a tsakiyar alkama. Kada ka matsa. Idan kowa ya koma inda tsuntsaye suka fi yawa, ƙidayar za ta riƙa nuna komai lafiya har ranar da fadama ta ƙarshe za ta ƙafe. Tsakanin tasha da tasha aƙalla mita 400 ne, domin kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu, kada kuma lasifikar tasha ɗaya ta janyo na ɗayar.

Ka zagaya dukkan tashoshinka da rana tsaka kafin ranar farko. Ka ga inda za ka ajiye mota, inda za ka ƙetare waya mai ƙaya, inda ƙasa take da laushi. A kowace tasha ka ɗauki hoto ta gabas, yamma, kudu da arewa, ka auna nisan abubuwan da ba sa motsi, irin su turken shinge, tulin duwatsu, ko ɗaya gefen ruwan, ka rubuta. Da asuba waɗannan alamomi za su zama ma'auninka.

Ranar ƙidaya: fara da sama

Da sanyin safiya ake kama fara. Ƙidayar safe tana farawa minti 30 kafin fitowar rana, ta ƙare awa biyu zuwa uku bayan ta fito. Ta yamma tana farawa kamar awa biyu kafin faɗuwar rana, ta ƙare da almuru. Hanyar da aka fara yi da safe, da safe za a ci gaba da yin ta kowane zagaye da kowace shekara, kuma tashoshin a bi su a jere iri ɗaya. A tsakiyar Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 5 a kudancin Saskacewan, to ka lissafa tafiyar mota da ta ƙafa, za ka ga tashi wajen ƙarfe 3 ne. Mai salla ya duba jadawalin yankin tun da wuri. Asuba tana shigowa da wuri sosai a waɗannan makonni, Magariba da Isha kuma suna nisa cikin dare, saboda haka barcin rana ya zama wajibi.

Babban abokin gaba iska ce, Fireri kuwa gidan iska ne. Idan ta wuce kilomita 20 a awa, ba a ƙidaya. Haka idan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa ko hazo ya yi kauri. Ana rubuta ƙarfin iskar da ma'aunin Bofot: 0 hayaƙi yana miƙewa sama, 1 yana ɗan karkata, 2 kana jin ta a fuska, 3 ganyaye ba sa tsayawa, 4 tana tayar da ƙura tana kaɗa ƙananan rassa. Da ta kai 4, ka naɗe kayanka. Na san nauyin wannan a zuciya, bayan mutum ya tashi cikin dare ya yi tafiyar awa guda. Amma busasshiyar kachala idan iska tana kaɗa ta, ƙararta tana shanye duk wani kuka, kuma takardar da aka cika a irin wannan safiya ta fi wadda ba a cika ba illa, domin tana kama da gaskiya.

Mintuna goma a tasha

Ka iso a hankali, ba magana, ba buga ƙofar mota da ƙarfi. Ka ajiye lasifika a tsaye a ƙasa, ko bisa wani abu idan wurin ruwa ne, fuskarta tana kallon tsakiyar fadamar, kuma kada ka juya ta har a gama. Kai ka koma gefe kamar mita 2, domin idan kana bayanta ko gabanta ƙararta za ta toshe maka kunne. Ka rubuta lokaci, zafi, iska, yanayin sama, da yawan hayaniyar da ke kewaye, daga 0 zuwa 4. Kwaɗi, jirgin ƙasa, tarakta, kukan shanu, duk hayaniya ce.

Sai ka kunna. Minti 5 na farko shiru ne, sai dai muryar da ke sanar da kai shigar kowane minti. Kada ka raina su. Su ne ke nuna abin da tsuntsu yake yi ba tare da an tsokane shi ba, kuma da su ake kwatanta shirye-shiryen da ke kunna kuka daban-daban. Bayan su kowane nau'i yana da minti guda: daƙiƙa 30 na kukansa, daƙiƙa 30 na shiru. Ana farawa da mai sanyin murya a ƙare da mai ƙarfi, domin kada babba ya tsorata ƙarami ya yi gum. Jerin yakan tashi daga ƙaramin bitan, zuwa rel rawaya, sora, rel na Bajiniya, babban bitan, kut, a rufe da girib, gwargwadon waɗanda shirinka ya zaɓa. Nau'i biyar na nufin minti 10 ke nan a tasha.

Ka tsaya cik. Kada ka taka, kada ka kori sauro da tafi. Wata safiya a farkon Yuni, ana cikin kukan rel na Bajiniya, na ga gindin kachala yana motsi kusa da ƙafata. Sai ga shi ya fito, bai kai kurciya ba, kumatu toka-toka, ƙirji jan ƙasa, jikinsa a matse ta gefe da gefe kamar an danne shi tsakanin tafuka biyu, wanda shi ke ba shi damar ratsa ciyawa ba ta motsa ba. Ya zagaya lasifikar yana ɗaga jela, ya miƙe wuya ya yi gurnani har jikinsa na rawa. Nema yake ya ga wanda ya shigo masa gida. Daga ranar na fahimci abin da ya sa aka hana maimaita kukan bayan an gama ƙidaya, ko kunna shi don a ɗauki hoto. Kowane kunnawa tayar da hankalin mai gida ne, a lokacin da matarsa take kwance kan ƙwai.

Yadda ake cika takarda

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Kowane tsuntsu guda yana da layinsa, ba kowane nau'i ba. Sora uku, layi uku. A gaban layin akwai gurbi na kowane minti. Duk mintin da wannan tsuntsu ya yi kuka ka sa 1, idan ganinsa ka yi ka sa s, idan duka biyun ne ka sa 1s. Ka rubuta irin kukan da ya yi, da nisansa a lokacin da ka fara jin sa, ba bayan ya matso wajen lasifika ba. Dalilin bin minti-minti shi ne, daga yadda sababbin tsuntsaye suke ɓullowa a tsawon mintunan ne masu lissafi suke ƙiyasta nawa ne suka yi shiru har ka tafi.

Ƙiyasin nisa da kunne abu ne mai wuya, kada wani ya ce maka ba haka ba. Tsuntsu idan ya juya maka baya sai ka ɗauka ya yi nisa. Kukan babban bitan yana iya wuce rabin kilomita, kuma yana da wuyar gane ta inda ya fito. Dabarar ita ce ka jingina sautin da wata alama da ka riga ka auna: ya fito ne gaban turken nan na mita 80 ko bayansa? Ka kafa tafukanka a bayan kunnuwa ka juya kai a hankali har sautin ya fi ƙarfi, sannan ka ɗauki kusurwar da kamfas.

A kakata ta farko na rubuta bitan uku a tashoshi uku a jere, ina ta murna. Shugabar tawagarmu ta shimfiɗa taswira, ta ja layi daga kowace tasha bisa kusurwar da na rubuta. Layukan uku suka haɗu a wuri guda, wani tsibirin ciyawa a tsakiyar babban tabki. Bitan ɗaya ne. Abin ya dame ni, domin da ban rubuta kusurwa ba da kuskuren ya shige cikin kundin har abada. Takardar tana da gurbin da ake nuna cewa an riga an ji wannan tsuntsu a tashar baya. Ka yi amfani da shi. Wanda kuma ka ji a kan hanya tsakanin tashoshi, ko bayan lokaci ya cika, ka rubuta shi a gefe a matsayin na wajen ƙidaya, kada ka cusa shi cikin mintunan.

Idan ba ka tabbatar da mai kukan ba, ka rubuta ba ka tabbatar ba, ka kwatanta sautin. Idan kuma ba ka ji komai ba, ka cika kan takardar tsaf, ka rubuta babu tsuntsu. Wannan sifilin daidai yake da kowace lamba a daraja. Takardar da aka bari fayau ba wanda zai san ko an je ba a ji komai ba, ko ba a je ba sam.

Me ya sa sau uku

Shirun tsuntsu ba ya nufin ba ya nan. Sora tana iya cika fadama da kuka a makon da ta iso daga kudu, bayan mako biyu ta kwanta kan ƙwai ta yi tsit. Wani nau'in kuma sai a lokacin yake farawa. Saboda haka ake ziyartar kowace tasha sau 3, sau ɗaya a cikin kowane zango na kimanin kwana 15. A arewacin yankin zangunan suna kamawa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, a kudu kuma a fara da wuri, bayan masu wucewa sun wuce. Idan an ji tsuntsu a ziyara ta 1 da ta 3, ba a ji shi a ta 2 ba, an san yana nan aka kuskure shi. Da irin wannan ake lissafa yawan kuskurewar, a gyara adadin wuraren da ba a ji komai ba. Ka tsara kwanakinka da rarar kwana uku ko huɗu a kowane zango, domin iska za ta cinye maka wasu.

Awon fadamar kanta

Sau ɗaya a kakar aikin, ko a kowace ziyara idan shirin ya ce haka, za ka bayyana wurin. A cikin da'irar da aka ƙayyade, mita 50 ko 100, kashi nawa ne buɗaɗɗen ruwa, nawa ne ciyawar da ta tsiro daga ruwa, nawa ne taɓo, nawa ne gona? Waɗanne tsirrai ne suka fi yawa? Zurfin ruwa nawa ne, a wuri guda da ake aunawa kullum? Ana kuma sa tabkin a ajinsa bisa tsarin da masu bincike Stewart da Kantrud suka fitar a 1971 daga aikinsu a Dakota ta Arewa: aji na 1 mai ƙafewa cikin 'yan kwanaki, na 2 mai 'yan makonni, na 3 mai kaiwa tsakiyar bazara, na 4 mai riƙe ruwa yawancin shekaru, na 5 na dindindin, sai na kanwa da na ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa. Tsiron da ke tsakiyar tabkin ne ke gaya maka ajinsa, ba ruwan da ka tarar ranar ba, domin yankin yana jujjuyawa tsakanin fari da ambaliya. An yi fari mai tsanani a ƙarshen shekarun 1980, ruwa ya dawo da ƙarfi daga 1993, aka sake shan fari a 2021.

Tun 1965 binciken Weller da Spatcher a Ayowa ya nuna tsuntsaye sun fi yawa da bambanta a fadamar da ruwa da ciyawa suka yi kusan rabi da rabi, a cakuɗe. Abin da ke ɓata wannan a yau shi ne wata kachala 'yar gauraye, da ta samu daga haɗuwar nau'i biyu, tana son takin da ke gangarowa daga gonaki, tana rufe tabki ruf. Wanda ya san yadda kachala ta toshe magudanan fadamar Haɗeja da Nguru ba ya buƙatar dogon bayani, dangi ɗaya ne, ɓarnar ma kusan iri ɗaya. A Fireri akwai wata dabba mai kama da gafiya da ke zaune a ruwa, tana yanke kachalar tana gina ɗaki da ita, ta haka take buɗe 'yan sarari. Idan ka ga tulin ɗakunanta, ka ƙirga ka rubuta.

Rel rawaya da na'urorin naɗar sauti

Shi wannan bai fi gwara girma da yawa ba, kuma ba ya son kachala. Wurinsa fadama ce mai gajeriyar ciyawa da ruwa iya idon sawu. Sai dare ya yi duhu sosai yake kuka, "tik-tik, tik-tik-tik", daidai da ƙarar tsakuwa biyu idan an ƙwanƙwasa su, har ma yakan amsa wa mai ƙwanƙwasa tsakuwar. Ƙidayar safe ba ta cika kama shi ba, sai an fita ta dare, mutum biyu, ba ɗaya ba.

Saboda irinsa ne shirye-shirye da yawa suke kafa na'urorin naɗar sauti, irin su Song Meter da AudioMoth, a ɗaure a turke su kwana suna saurare. Idan an ba ka su, ka duba agogonsu da baturi da katin ajiya kafin ka bar wurin, ka ɗaure su sama da inda ruwa zai iya kaiwa, nesa da ganyen da zai riƙa gogar makirufo, kuma a wajen shingen shanu, domin saniya tana son soshe jikinta da turke. Manhaja irin BirdNET tana taimakawa wajen tace sautin, amma abin da ta ce ta ji sai mutum ya saurara ya tabbatar.

Lafiyarka

Kullum wani ya san hanyar da ka bi da lokacin dawowarka, domin waya ba ta samun layi a wurare da yawa. Kada ka shiga ruwan da ya wuce cinya, kuma ka gwada ƙasa da sanda kafin ka taka, saboda taɓon ƙasan tabki yana riƙe ƙafa. Da ka ji tsawa ka koma mota, a filin da babu bishiya kai ne mafi tsayi. Hanyoyin ƙasa na yankin idan sun sha ruwa suna zama kamar sabulu, gara ka ajiye mota ka taka. Kaska tana da yawa a Mayu da Yuni, ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka kowace rana. Sauron wurin yana iya ɗaukar zazzaɓin Yammacin Nilu, ka shafa magani. Idan ka tarar da matattun tsuntsaye, kada ka taɓa, murar tsuntsaye mai tsanani ta shiga nahiyar tun ƙarshen 2021. Ka ɗauki lambar wurin ka sanar da shugabanka. Gajiya kuma ita ce aka fi rainawa: idan barci ya kama ka a kan sitiyari bayan ƙidaya, ka tsaya gefen hanya ka runtsa.

Bayan ka dawo masauki

Kafin ka kwanta, ka bi takardun ranar layi-layi tun abin yana sabo a kanka. Ka ɗauki hotonsu, ka shigar da su kwamfuta a ranar, wani kuma ya karanta maka lambobin kana dubawa. Idan za ka gyara abu a takarda, ka ja masa layi ɗaya ka rubuta dalili, kada ka goge. Ka sa batura a caji, ka juya wandon roba ya bushe.

Zuwa ƙarshen Yuni fadamar za ta yi shiru, ciyawa ta yi tsayi, wani lokaci ka hangi 'yan tsakin sora baƙaƙe ƙirin kamar ƙwallon auduga suna bin uwarsu a bakin taɓo. Ka kwaso na'urorin naɗar sauti, ka cire duk wani ƙyalle da ka ɗaura a matsayin alama, ka koma wajen kowane manomi ka yi masa godiya, ka gaya masa abin da aka ji a tabkinsa, yawancinsu suna son sani. Sannan ka zauna ka rubuta wa wanda zai gaje ka bayanin kowace tasha: wace ƙofa ce ke da wuyar buɗewa, wace hanya ce ba ta biyuwa bayan ruwa, wane gida ne ke da kare, ta wane ɓangare lasifika take kallo, da kuma tsibirin nan na tsakiyar babban tabki inda bitan ɗaya yake jiyuwa daga tashoshi uku.